Baba Bai Fita Ta Ƙofar Gaba Ba

Lemvig, watan Mayu, 2021

Zuwa ga ƙanena Thorkild,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Moira da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya ci gaba da tsare muku wannan tsibiri naku na New Zealand da kuka kulle kamar akwati, ya sa annobar nan ta wuce ba ta leƙo ku ba. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. An yi mana allurar rigakafi ni da Preben. Ni ko gezau, amma mijin nan nawa sai da ya kwana biyu a kujera yana nishi kamar an cire masa hannun, ina kai masa shayi yana yi mini wasiyya. Yanzu ya warware, ya koma fama da shingen bayan gida da iskar yamma ta sake kwantarwa. 'Yata Gry cikinta ya fito sosai, ana sa ran haihuwa a ƙarshen bazara, kuma ta hana a faɗa mata mace ce ko namiji. Kai ma ka kusa zama kakan wani ta ɓangarena, sai ka fara rina furfurar.

Ka san ni da rubutu ba ma shiri. Na ɗauki biro ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, kuma lokacin da nake da bakin magana kai kana hamma, lokacin da kai ka wartsake ni ina neman gado. Maganar Mama ce, da ta tokar Baba. Na yi wani abu ban shawarce ka ba, kuma ba haƙuri zan ba ka ba, don ko yau aka mayar da ni baya sai na sake yi. Amma ina so ka ji shi daga bakina tun daga tushe, sannan akwai abin da zan roƙe ka a ƙarshe. Ka karanta har ƙasa kafin ka ɗauki waya.

Ka tuna ranar da aka fitar da Goggo Ragna daga gidan tsofaffin nan, shekarar da ka zo da Moira karo na farko? Ka tuna yadda aka ajiye akwatin gawarta a falon ƙasa, aka buɗe tagar ɗakinta, aka sauke tuta zuwa rabin sanda, masu girki suka fito da tawul a kafaɗa, aka turo duk wanda zai iya zama a keken marasa lafiya, aka yi mata waƙa, sannan aka fita da ita ta ƙofar gaba, kowa yana tsaye har motar ta sha kwana? Moira ta yi ta kuka alhali ba ta taɓa ganin Goggo da rai ba. To haka ake yi wa kowa a gidan tun kafin su Mama su shiga. Solvej, matar nan mai babbar murya da ta fi kowa daɗewa a aikin, ita ke ɗaga waƙar, kuma ita ce ba ta yarda a fitar da kowa ta baya ba, ko da mutum ba shi da dangi ko ɗaya. Mama tun da ciwon mantuwa ya kama ta, ranaku sun ɓace mata, sunaye suna zuwa suna tafiya, ni kaina wani lokaci ƙanwarta take ɗauka ta. Waƙa ce kawai ba ta zube ba. Da waƙar take gane an yi rashi. In ta ji an ɗaga ta a falo, sai ta gyara gashinta ta ce a tura ta, ta tambayi wane ne, kuma abin mamaki wannan kam yana zama mata a kai.

Ka san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye aka mai da shi hawa na sama, ita tana ƙasa a sashen masu mantuwa. Kullum da rana ana sauko da shi a lifta su ci abinci tare. Kuma ka san halinta, tun muna yara ba ta kai cokali baki sai Baba ya yi addu'a ya ɗauki nasa. Ko jirgin kamun kifinsu ya makara, mu ta ba mu namu, ita ta rufe nata ta zauna. Mun sha yi mata tsiya a kan haka. Ban taɓa zaton wannan ɗabi'a ce za ta nemi kai ta ƙasa ba.

Bayan Kirsimeti cutar ta shiga gidan, wannan ka sani. Abin da ban faɗa maka ba shi ne yadda gidan ya watse daga ciki. Ma'aikatan da suka san mutanen nan, suka san wa ke shan kofi da madara, wa ke tsoron wanka, wa ba ya haɗiye ƙwaya sai an daka, ɗaya bayan ɗaya suka kwanta. Solvej har asibiti aka kai ta. Sai aka riƙa kawo na haya daga kamfani, yau wannan gobe wancan, wasu da safe suna wani gidan tsofaffi da yamma suna nan, fuska a rufe da takunkumi da gilashi, ba su san kowa ba, ba wanda ya san su. Ba na zaginsu, Thorkild. Na gan su ta taga suna gudu a baranda da rigar leda, mutum ɗaya ƙararrawa uku na kiransa. Amma an rufe hawa na sama, an hana saukowa, an hana taruwa, an hana waƙa domin wai ita ta fi watsa cutar. Tutar ma suka daina saukewa, shugabar gidan ta ce in suka bi al'ada to tutar ba za ta ƙara ganin saman sanda ba, kuma tsofaffin da ke kallo ta taga za su firgita.

Ranar da za a fitar da gawar Baba na faɗa maka na je, na ce maka an yi komai cikin mutunci. An yi bakin ƙoƙari dai. Na sa baƙin kwat ɗina, na sayi furanni, na tsaya a gaban ƙofar gaba a cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, tunda an ce ba zan shiga ba. Ban tambayi kowa ta inda za a fito ba, don a raina ƙofa ɗaya ce ake fitar da mutum. Ina nan tsaye ina kallon gilashin ƙofar, ina shirya waƙar a bakina ko da ni kaɗai ce zan yi, sai na ji ƙarar mota ta gefen ginin. Kafin in zagaya ta riga ta hau titi. Bayanta kawai na gani. Ta ƙofar baya suka fitar da shi, inda ake ajiye kwandunan shara da kekunan kayan wanki, a cikin jakar leda, mutum biyu da ba su san sunansa ba sai da suka duba. Na koma mota na zauna da furannin a cinya, na rasa inda zan kai su. Kai kuma ka ce a ƙona a ajiye tokar, kada a binne sai ka zo, na ce to, aka kai tulun ɗakin ajiya na maƙabarta.

Ita kuwa Mama, ta waya na faɗa mata, ina tsaye a bayan tagarta tana kallona. Ta yi kuka, ta dafa gilashin, na dafa ta waje. Na koma gida ina cewa mafi wuyar ya wuce. Ashe kafin gari ya waye ta manta. Su kuma a sashen suna da tsarinsu, ba a maimaita wa mai mantuwa labarin mutuwa, don kullum sabo yake zame masa, kullum sai ya yi kukan farko. Tsari ne na tausayi, ban ce ba. Amma da Solvej ce, ta san me za ta ce da me ba za ta ce ba. Na hayan nan, in Mama ta tambayi mijinta Ejnar, sai su ce yana sama yana hutawa, ko yana nan tafe, ki fara ci. Wasunsu ma ba ƙarya suke yi da gangan ba, ba su san ya mutu ba, ba su ma san ko wane ne ba. Ita kuwa da ta ji yana tafe sai ta ɗauki ƙaramin faranti ta rufe abincin, ta naɗe hannu, ta zuba wa ƙofar lifta ido. Can wata dabam ta zo kwashe kwanuka, ta tarar an rufe, ta ɗauka an gama, ta tafi da shi. Ba mai lokacin ɗaga murfi, balle ya zauna kusa da ita. Haka aka yi ta yi har ƙarshen hunturu, kofi da ɗan biskit ne kawai ke riƙe da ita.

Da aka buɗe wa mutum ɗaya daga kowane gida ya riƙa shiga, na shiga. Thorkild, ban gane uwarmu ba sai da ta yi magana. Matar nan da take ɗaga kwandon kifi ita kaɗai, na kama hannunta na ji kamar na kama sandar tsintsiya. Zoben aurenta ya zame, ta ɗaure shi da zare a wuya. Tana sanye da wata koriyar suwaita da ba tata ba, na duba wuyan na ga sunan Asta, maƙwabciyar ɗakinta, wadda ta rasu mako guda kafin Baba. An haɗa kayan a wanki, ba wanda ya lura. Na ce Mama wannan ai ta Asta ce, ta ce ta sani, aro ta yi, za ta mayar mata in an bar ta ta fito daga ɗaki, don an daɗe ana kulle da ita. Ta ce Kaj ma, tsohon nan mai gyaran agogo, an kulle shi, alhali shi ma ya rasu. Wai kullum tana ƙwanƙwasa musu ƙofa, sai wasu baƙi su buɗe.

Na fita daga ɗakin ina huci, na nufi ofishin Dorte, shugabar gidan, da niyyar sai an ji mu a titi. Ka san bakina in ya buɗe. Ban same ta a ofis ba, a ɗakin wanka na same ta durƙushe tana goge ƙasa, da takalmin ofis a ƙafarta. Duk da haka na zazzage mata. Ta bar ni na gama, sannan ta ce duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ta ce da rana mutum biyu ne a barandar Mama gaba ɗaya, da yamma ɗaya, kuma haka yake tun kafin annoba, sai dai a da su Solvej suna toshe ramin da jikinsu, suna zuwa ranar hutunsu, suna cin abinci a tsaye, shi ya sa mu 'yan ziyarar Lahadi ba mu taɓa gani ba. Ta ce ta yi ta neman ma'aikata ba mai zuwa, wanda ya zo ma ba ya rufa wata. Na tsaya ina kallon tsakiyar kanta inda rinin gashi ya ƙare, sai na ji faɗan ya fita daga raina, haushin dai yana nan, na rasa wanda zan ɗora wa. Ni ma ai na sha zuwa Lahadi da kek, in ga an gyara wa Mama gashi, in koma gida ina yabon gidan.

Daga ranar na riƙa zuwa kowace rana da abincina. Na soya mata kifin da take so da dankali da man shanu, na dama mata kunun baƙin burodi irin na da. Sai ta shinshina, ta ce ya yi kyau, Ejnar zai ji daɗi, ta rufe. Na ci a gabanta, na lallaɓa, na yi fushi, na yi mata irin tsawar da take yi mana. Na karya tsarinsu na faɗa mata gaskiya, ba sau ɗaya ba. Wata rana na riƙe hannuwanta biyu na ce Mama, Baba ya rasu, ya rasu tun cikin hunturu, ba zai sauko ba. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta kalle ni irin kallon da take yi mana in mun dawo da rigar makaranta a yage, ta ce, “Ke dai ba ki da kunya. Da Ejnar ya mutu ai da na ji waƙa.”

Wannan magana ta bi ni har gida, ta zauna mini a ƙirji. Domin in gaya maka gaskiya, ni ma ban yarda ya tafi ba. Bayan mota na gani, ban ga ubana ba. Mama takan ce tana jin ƙarar tayar kekensa a cikin lifta, tayar hagu da ke kuka wadda aka ce za a sa wa mai ba a sa ba. To wata rana ina zaune kusa da ita da rana tsaka, lifta ta sauko, na ji ƙiiƙ ɗin nan sarai, har na miƙe tsaye. Ƙofar ta buɗe ba kowa a ciki. Na san za ka ce tsohuwar lifta ce, Preben ma haka ya ce. Amma na lura ba Mama kaɗai ba ce. Duk barandar haka suke, tsofaffin da suka rage suna barin kujeru a teburi, suna ajiye wa wane jarida, suna magana ƙasa-ƙasa kada su tashi wance daga barci. An kwashe kusan rabin mutanen gidan ta ƙofar baya, kuma a wurin waɗanda suka rage ba wanda ya tafi. Kana shiga sai ka ji gidan a cike, alhali kujeru ne.

Likita ya ce in ta ci gaba a haka ba za ta ga bazara ba, ya fara maganar sa mata robar abinci ta hanci. Ni kuwa na ce uwata ba ta rasa haƙori ko maƙogwaro ba. A hanyar gida na faɗa wa Preben abin da zan yi, ya ce na haukace, wa ya taɓa fitar da mutum sau biyu. Na ce ai ba a fitar da shi ko sau ɗaya ba, jan shi aka yi. Na je wurin Aksel mai kula da maƙabarta na ce ya ba ni aron ubana na yini ɗaya. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi a aikinsa ana kawo masa mutane ne, ba a zuwa aro, ya yi ta gunaguni, amma ya ɗauko tulun ya goge shi da hannun rigarsa ya miƙo mini. Dorte ta ce in dai za a buɗe ƙofofi duka, a ba da tazara, ita ba ta ga komai ba. Solvej na same ta a gida, ta ajiye aikin, hawa matakala uku ma sai ta tsaya ta huta. Na ce ba sai ta zo ba, ta ce in rufe mata baki in faɗi rana.

Ta ƙofar baya na shigar da shi, da gangan, ta gefen kwandunan sharar nan, rungume a ƙirjina. Na hau da shi sama, na tsaya a ƙofar tsohon ɗakinsa, akwai wani bawan Allah a ciki yana kallon talabijin, ban dame shi ba. Sannan na shiga lifta na sauko da shi. Da ƙofar ta buɗe, Mama tana falo a kekenta, Solvej ta gyara mata gashi, ta sa mata rigarta shuɗiya. Na ɗora mata tulun a cinya na ce ga Baba ya sauko. Ta shafa murfin, ta ɗan ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta ce, “Duk girman nan nasa?” Preben ya juya baya yana tari. Ban sani ba ko ta gane a lokacin, ko kuwa sai da Solvej ta ɗaga waƙar, wadda ake yi wa masunta, wadda Baba yake yi a jirgi in sun juyo gida.

Muryar Solvej ba ta kai rabin ta da ba, tana yi tana tsayawa neman numfashi. Ni kuma ka san tawa, kamar ana jan kujera. Baiti na farko da ƙyar muka kai shi. A na biyu sai na ji Mama ta shigo, siririyar murya amma daidai, ba ta ɓata kalma ɗaya ba. Sai ƙofofi suka fara buɗewa a baranda. Ba wanda ya kira su, ba ma'aikacin da zai turo su, da kansu suka fito, wannan da sanda, wancan yana dafa bango, wata da rigar barci. Wata ma'aikaciyar haya ta taho da tire a hannu ta tsaya cak, ba ta san waƙar ba, ba ta san abin da ake yi ba, ta rasa inda za ta ajiye tiren, haka ta riƙe shi har aka gama. Ta taga na hango Dorte a waje tana kokawa da igiyar tuta.

Da muka kai ƙarshe na sunkuya zan ɗauki tulun, Mama ta riƙe shi. Ta ce saura Asta. Solvej ta kalle ni, na kalle ta, ta sake ɗagawa. Da aka gama Mama ta ce saura Kaj. Daga bayanmu wani tsoho ya faɗi sunan matarsa, wata ta faɗi wani sunan, aka yi ta faɗa, sunayen da ban ma sani ba. Matar da ba ta iya tuna ko ta sha kofi da safe, ita ke gyara wa mutane in sun tsallake wani. Ba mu iya yi wa kowa tasa ba, numfashin Solvej ya ƙare, ta zauna tana nuna mana da hannu mu ci gaba, muka haɗa sauran a waƙa ɗaya. Sannan na ɗauki Baba na fita da shi ta ƙofar gaba, Preben ya turo Mama har bakin ƙofa. Na sa shi a kujerar baya ta motarmu na ɗaura masa bel, Preben ya ja a hankali, mu kuma muna tsaye har ya sha kwana. Mama ta ɗaga hannu, ta ce a mai da ita ciki, iska ta yi yawa.

Washegari na kai mata kifi. Ta yi addu'ar da kanta, ta ɗauki cokali, ta cinye tas har ta sa burodi ta share farantin. Na fita wurin ajiye motoci na yi kukan da ban yi ba tun hunturu, na kira Gry ina dariya ina cewa kakarki ta ci abinci. Na ɗauka mun ci nasara. Kuma tana ci har yau, duk abin da aka ajiye mata, ba ta rufe komai, likita ya janye maganar roba. Ba ta ƙara mantawa ba, ko sau ɗaya ba ta sake tambayar Baba ba, in an ambace shi sai ta ce Allah ya ji ƙansa. Ta ba ni suwaitar Asta ta ce in kai wa 'ya'yanta.

Amma Thorkild, ba ta kallon lifta yanzu, kuma ba ta kallon komai. A da ina shiga zan tarar da ita a miƙe a kujera, ido a buɗe, tana sauraro, tana faɗa da ni, tana da aikin yi. Yanzu tana zaune lumui, hannu a cinya, fuskarta a sake kamar ta wanda ya gama haɗa kaya yana jiran mota. Jikin ya ɗan ciko amma zuciyar tana rauni, ƙafafunta sun kumbura, barcinta ya yi yawa. Likita ya ce ba zai iya faɗin lokaci ba, amma da shi ne yake da ɗan'uwa a nesa da ya rubuta masa. Wani lokaci ina tuƙi sai in tambayi kaina ko jiran nan da yake cinye ta shi ne kuma yake riƙe da ita, ni na je na tsinke. Ban san amsar ba. Na dai san ba zan iya kallonta tana mutuwa da yunwa a gaban abinci ba.

A makon da ya wuce an yi rashi a barandarsu, tsohon nan da ya faɗi sunan matarsa. Yanzu ba dokar da ta hana waƙa, an sassauta. Amma ranar mutum ɗaya ce a bakin aiki, sabuwa, tana ɗakin wani tana canza masa shimfiɗa, masu ɗaukar gawa suka zo suka bi hanyar da suka saba bi tun hunturu. Ba wanda ya hana, ba wanda ya tuna. Mama ta ga wucewarsu ta ƙofarta. Da na zo ta kama hannun rigata, idonta tar kamar na da, ta ce ita ta ƙofar gaba za a fitar da ita, ta tambaye ni wa zai kasance a bakin aiki ranar. Na ce ban sani ba Mama, amma ni ina nan. Ta girgiza kai ta ce, “Ke ba ki iya ɗaga waƙa ba, kullum ƙasa kike ja. A kira Thorkild.” Rabon da ta ambaci sunanka da kanta tun bara.

To ka ji roƙon. Na san in ka fito komawa sai an yi layin ɗakin killacewa, na san aikinka, na san Moira za ta zauna da yara ita kaɗai ba ta san ranar dawowarka ba. Duk na sani, ba sai ka lissafa mini a waya ba. Alkawarin da na yi maka ban karya ba, Baba ya koma ɗakin Aksel, yana kan kanta, ba a binne shi ba, zai jira ka ko shekara nawa ne. Mama ce ba zan iya ajiye maka a kan wata kanta ba.

Ka gaishe mini da Moira da kyau, ka ce mata na gode da safar ulun da ta aiko, suna ƙafar Mama yanzu haka. Ka gaishe da Ansel da ƙaramar Edel, ka ce wa takwarar Mama hotonta yana jikin bango kusa da gado. Preben yana gaishe ku, Gry da mijinta suna gaishe ku, Solvej ma ta ce in gaishe da yaron nan mai murya. Na gyara maka ɗakin sama, na sa bargo biyu don na san ka manta sanyinmu. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta a zaune.

Yayarka,
Vibeke